Injin Angar Tsoho, Ranar Babbar Sallah

A lokacin shekarata ta shida ke nan a New York, ta uku kuma ina aiki a wani garejin jiragen ruwa da ke tsibirin City Island, can ƙarshen Bronx inda bas yake kaiwa ya juyo. Asalina makanike ne. A Kano na koyi gyaran mota, daga baya na koma Legas ina gyaran injinan jiragen ruwa a Apapa. Shi ya sa da na zo ƙasar nan ban daɗe ina wanke-wanke a gidan abinci ba, mai garejin ya gwada ni kwana biyu ya ɗauke ni. Ni kaɗai ne ɗan Afirka a wurin, ni kaɗai ne Musulmi. Ba wanda ya taɓa wulaƙanta ni, amma hirarmu ba ta wuce ta aiki: miƙo sifana, riƙe nan, gobe ƙarfe bakwai.

Babbar Sallar shekarar ta faɗo ranar aiki, cikin Oktoba, sanyi ya fara shigowa. Na roƙi a ba ni ranar, aka ba ni. Na je idi a Tremont, a wani masallaci da asalinsa shago ne, sahu har kan titi. Da aka idar aka yi ta gaisawa, Hausar Kano da ta Yamai da ta zangon Kumasi duk a cakuɗe. Kafin rabin awa wuri ya watse. Masu tasi sun koma tasinsu, mata masu aikin kula da tsofaffi sun ruga kada su makara. Mutum biyun da muke haya tare a Soundview duk 'yan Ghana ne. Ɗaya ya wuce shagon da yake tsaro a Harlem, ɗaya ya ce barci zai je ya rama. Na tsaya a bakin titi cikin babbar riga ban san inda zan nufa ba. Da na tuna ɗakina da yadda shiru yake a cikinsa da rana, sai na koma gida na cire rigar, na ninke ta, na sa kayan aiki na hau bas.

Mai garejin bai tambayi dalilin zuwana ba, sai ma ya ji daɗi. Ya ce akwai wani tsoho da jirginsa yake tsaye a kan anga, ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, a bayan tsibirin, kuma tun safe 'yarsa take bugo waya daga wata jiha. Rediyo ya ce iska mai ƙarfi za ta taso kafin gari ya waye, dole jirgin ya shigo a ɗaga shi a ajiye har bayan sanyi. Matsalar ita ce injin da ke jan anga yana zamewa, ya kasa ɗago ta. Sauran ma'aikata biyu suna fama da wasu jiragen. Ya ce in ɗauki ƙaramin kwalekwalen gareji in je in duba.

Na san tsohon da gani. Bature ne, ya doshi tamanin, da can direban jirgin ƙasa na ƙarƙashin gari ne. Tun da matarsa ta rasu yake kwana a jirgin nan daga farkon zafi har sanyi ya kore shi. Wani lokaci yakan shigo gareji ya ɗebi ruwa a jarka biyu, ya ɗaga wa kowa hannu, ya koma. Ban taɓa jin muryarsa sosai ba sai ranar.

Na same shi zaune a bayan jirgin da bargo a cinya. Ya karɓi igiyata ya ɗaure da hannu ɗaya, ɗauri mai kyau. Jirgin irin mai tafiya da iska ne, tsoho amma tsaf, komai a mazauninsa. Ya nuna mini gaba da haɓa, ya ce injin yana can, shi ya gaji da shi.

Injin jan anga ba wani abin mamaki ba ne. Akwai ƙaramin injin lantarki a ƙarƙashin daɓen jirgi, yana juya wata sandar ƙarfe. A kan sandar akwai wili mai gurabe, kowane zoben sarƙa yana faɗawa cikin gurbinsa, wilin yana juyawa yana jawo sarƙar tana zuba cikin rami. Tsakanin sandar da wilin akwai kuloci, wanda ake ɗaurewa da babban noti a sama. In ka kwance notin, sarƙa ta zube cikin ruwa da kanta. In ka ɗaure, inji ya ja.

Na ce ya tayar da babban injin jirgi don batir ya samu ƙarfi, na taka maɓallin injin angar da ƙafa. Sarƙa ta fara shigowa lafiya lau, jiƙe, tana ɗigar ruwa. Ta shigo da tsawo sosai. Sai can na ji ƙara, kas-kas-kas, jirgin ya girgiza, sarƙar da ta shigo ta ɗan koma. Na ɗaga ƙafa. Na sake takawa, haka dai.

Abu na farko da kowane makanike zai zarga shi ne kuloci, ni ma shi na zarga. Na maƙale sarƙar da ƙugiya don nauyi ya sauka daga kan inji, na kwance notin, na zare wilin. Abin da na gani ya ƙara mini tabbaci. An lafta giris a wurin shekara da shekaru, ya haɗu da gishiri da yashi ya zama kamar kwalta, fuskar tagullar kuma ta yi santsi tana ƙyalli. Na zauna a kan daɓe na wanke komai da kananzir, na goge da tsumma, na bi fuskar da samfefa mai laushi har ƙyallin ya mutu. Iska tana kaɗa ni, yatsuna sun fara ƙagewa. Daga inda nake ina hango gadoji, ga kuma dogayen gine-ginen Manhattan can nesa kamar an zana su da toka. Ba motsin kowa a kan ruwan sai tsuntsaye. Yawancin jiragen da ke tsayawa a wurin da zafi an riga an kwashe su, sai ƙwallayen da ake ɗaure jiragen a jikinsu suna ta lilo.

Na mayar da komai na ɗaure da ƙarfina. Na saki sarƙa ta koma, na taka. Ta shigo, ta shigo, sai kas-kas-kas.

Na duba batir, yana da wuta. Na shiga ramin gaba a rarrafe da tocila na duba wayoyi, ba wadda ta yi tsatsa har ta hana wuta wucewa. Na buɗe akwatin giya ina tsoron in ga haƙora sun cinye, na same su garau, mai ma bai yi baƙi ba. Na zare ɗan ƙarfen da ke kulle sandar na duba ko ya karye, lafiyarsa ƙalau. Azahar ta yi ban gano komai ba.

Na ɗebi ruwa a gorata na yi alwala, na shimfiɗa rigar sanyina a gaban jirgin. Jirgi a kan anga ba ya tsayawa wuri ɗaya, na fara salla ina fuskantar gabas, na sallame ina kallon wata gada. Da na juyo na ga tsohon ya kashe rediyonsa, bai kunna ba sai da na shafa addu'a.

Ya kira ni ciki ya ba ni kofi da burodi da kifin gwangwani. Muna ci na tuna a Kano yamma ta yi, na ciro katin waya na nemi izini na fita na buga gida. Maiɗakina ta ɗauka, hayaniya ta cika wayar, ina jin muryoyin ƙannena da ƙarar tukunya. Ta ce an yanka ragon tun hantsi, yanzu suyar kayan ciki ake yi, Hajiya mahaifiyata tana ta rabon na maƙwabta. Ta tambaye ni me na ci, na ce nama. Sai ta miƙa wa 'yata, wadda na bari tana shekara uku, ga shi ta kai tara.

"Abba ina wuni. Barka da sallah."

Na amsa, na tambaye ta kalar kayan sallarta, ta ce shuɗi. Na tambayi lalle, ta ce an yi mata. Daga nan tambayoyina suka ƙare. Ina jin numfashinta, ina jin wata yarinya tana kiran ta daga nesa. Ta ce, "Ga Umma," ta ajiye ni. Ba laifinta ba ne. Muryata kawai ta sani, ita ma ta cikin waya.

Da na koma ciki tsohon ya tambaye ni ko lafiya. Na ce yau babbar ranar idi ce a wurinmu, kamar Kirsimeti a wurinsu. Ya dube ni ya daɗe, ya ce to me nake yi a nan. Na ce gida ba kowa. Ya gyaɗa kai, ya ƙara mini kofi.

Na koma gaba na zauna ina kallon injin ba tare da na taɓa shi ba. Maigidana na Legas ya koya mini cewa in abu ya gagare ka, ka daina kwancewa ka tsaya ka saurara. Sai na lura da abin da ya kamata in lura da shi tun farko. Kuloci in yana zamewa shiru yake yi, inji yana juyawa wili yana tsaye. Wannan kuwa ƙara yake yi. Na ɗauko alli na ja layi ɗaya daga kan noti zuwa kan wili. Na taka har ƙarar ta zo, na duba. Layin yana nan a miƙe, bai goce ko kaɗan ba. Ke nan kulocin yana riƙe. Wilin yana juyawa, sarƙar ce take tsalle daga cikin gurabenta.

Na duba guraben ko sun cinye. Sun ɗan lashe, amma ba yadda za su saki sarƙa ba, kuma in su ne, me ya sa take shigowa lafiya da farko? Na yage bakin wani jan tsumma na ɗaura a zoben da ƙarar ta fara. Na saki sarƙa, na sake ja. Daidai jan tsumman ya hau wili, kas-kas. Na maimaita sau uku, wuri ɗaya ne.

Na jawo wannan ɓangaren da hannu na wanke lakar da buroshi. Sama kaɗan da tsumman na ga wani zoben haɗi, an buga shi da kyau har ba ka gane shi sai ka sa ido. Daga shi zuwa cikin ruwa wata sarƙa ce daban. Kaurinsu ɗaya, launinsu ɗaya a cikin laka. Na ƙirga zobe goma na ta sama na auna, na ƙirga goma na ta ƙasa na auna. Ta ƙasa ta fi tsawo da kamar faɗin yatsa. Zobe ɗaya ba ya nuna komai, amma kafin na uku ko na huɗu ya zo, ya riga ya hau kan haƙori maimakon ya faɗa gurbi. Kuma tana isowa ne daidai lokacin da nauyi ya fi yawa, shi ya sa kowa zai ce inji ne ya gaza.

Daɗi ya kama ni irin wanda makanike kaɗai ya sani. Na kira tsohon, ya taho a hankali yana dafa wayar ƙarfen da ta kewaye gefen jirgin. Na nuna masa zoben haɗin, na nuna masa awon. Na ce injinsa lafiyarsa ƙalau, sarƙa biyu ce aka haɗa. Ya ce guguwar bara ce ta tsinke masa anga da rabin sarƙa, sai ya samu wannan a hannun wani ya ƙara. Ya faɗi haka yana kallon ruwa, ba ya kallon abin da nake nuna masa.

Sai ya ce, "Na sani. Tun watan Yuli na gane."

Na tsaya da tsumma a hannu ina dubansa. Ya zauna a kan rufin ɗakin jirgin, ya ba ni labari a gajarce. 'Yarsa ta gyara masa ɗaki a gidanta, a wata jiha da ba teku. Sun yi da ita cewa wannan ne zafinsa na ƙarshe a kan ruwa, in jirgin ya fito sai sayarwa. Tun watan jiya ya kamata ya shigo. Duk lokacin da ta bugo sai ya ce mata inji ya lalace, anga ta ƙi fitowa, kuma ba ƙarya yake yi ba. Bai zaci za ta nemi lambar gareji ba.

Raina ya ɗan ɓaci, don na ba da awa huɗu ina neman abin da mutumin da ke zaune kusa da ni ya sani. Amma ɓacin ran bai daɗe ba. Na tuna sau nawa na ce wa maiɗakina baɗi zan dawo in Allah ya yarda, ina ba ta dalilai waɗanda duk gaskiya ne.

Ban san lokacin da na kira shi Baba ba, da Hausa, sauran maganar da Turanci. Na ce masa ni aike aka yi ni, amma jirginsa ne. In ya ce in koma in ce aikin ya fi ƙarfin yau, zan koma in faɗa. Sai dai iskar da ake faɗa gaskiya ce, kuma ban yarda da zoben haɗin nan ba in ruwa ya haukace. Ya tambayi ma'anar kalmar da na kira shi da ita, na gaya masa. Ya yi ɗan murmushi. Ya dubi sama ta gabas inda gajimare ya fara haɗuwa, ya daɗe yana dubawa.

"To, mu ɗago ta," in ji shi.

Tunda inji ba zai ja wannan sarƙar ba, sai muka koma dabara. Na ɗaura ƙugiya a doguwar igiya, na maƙala ta a sarƙar, na kai ɗaya bakin har baya, kan abin naɗe igiyar da ake ɗaga tantin da iska ke tura jirgin da shi, wanda ake juyawa da hannu. Shi ya kama sitiyari yana tura jirgin gaba kaɗan-kaɗan don sarƙa ta yi sako-sako. Ni kuma in juya har ƙugiya ta iso, in ruga gaba in maƙale sarƙar, in mayar da ƙugiya can baki, in dawo in sake juyawa. Kowane zuwa bai fi kamu biyar ba. Ban ƙirga sau nawa na yi ba. Gumi ya jiƙa ni a cikin sanyin nan, bayana yana zafi. Tsohon kuwa hannunsa a kan giyar inji kamar ba shi ne mai bargo ba. Ban taɓa ce masa tsaya ko matsa ba, kafin in ɗaga hannu ya riga ya yi.

Da sarƙa ta miƙe tsaye, anga ta ƙi sakin ƙasa. Wata da watanni tana nutse a laka. Na ɗaure sarƙar tam a ƙarfen gaba, na ce ya ba jirgin wuta. Gaban jirgin ya dunƙusa kamar zai sha ruwa, ya tsaya haka, sannan ya ɗago a hankali. Ta saki. Na jawo sauran da hannu. Ta fito da baƙar laka mai wari, da ƙananan kaguwa suna gudu a kanta. Na yi ta kwara mata ruwa da bokiti.

Shi ya tuƙa mu zuwa gareji, kwalekwalena yana biye a baya. Bai bi hanya miƙaƙƙiya ba, ya zagaya ta bayan wani ɗan tsibiri ya ƙara mana kusan rabin awa. Na ƙyale shi. Na yi la'asar a gaban jirgi muna tafiya. Ya shigar da jirgin mazauninsa ba tare da ya goga ko'ina ba, mai garejin da ke jira a bakin ruwa har ya yaba. Tsohon ya kashe inji, ya shiga ciki ya fito da jaka ɗaya. Ashe a shirye take. Ya ba ni hannu, ya ce in gaida iyalina, ya yi mini barka da idi da irin kalmominsu. Mai garejin ya kai shi masauki a motarsa.

Na jira bas ni kaɗai a tasha. Duk sabulun da na sa, warin lakar bai bar hannuna ba, wata mata da ta zauna kusa da ni ta tashi ta sauya kujera. Na isa Soundview bayan magariba. Ɗan Ghanan da ya yi barci ya riga ya fita aiki, ya bar mini shinkafa da wake a tukunya da yanka biyu na nama a kai. Na ci a tsaye a kicin. Iskar ta zo da asuba kamar yadda aka faɗa, ta kwana biyu tana bugawa.

Ban sake ganin tsohon ba. Jirgin ya yi sanyi a kan tudu a lulluɓe da farar leda, a layin da nake bi kullum in je ɗakin kayan aiki. Cikin watan Janairu, wata rana da ba aiki, na hau na sauke sarƙar duka a kan ƙanƙara, na yanke zoben haɗin, na sa wadda ta dace da wilin daga cikin tsofaffin da ke jibge a bayan gareji. Ba wanda ya sa ni, na dai gaya wa mai garejin ya ce ba laifi.

Da zafi ya dawo 'yar ta zo da wani mai saye, mutum mai yara biyu. Ta ce mahaifinta yana nan lafiya, yana ɗan fita lambu, ba ya yawan magana. Ba ta san ni ba, ni ma ban gabatar da kaina ba. Mai sayen ya tambaya ko injin anga yana aiki, mai garejin ya ce in nuna masa. Na taka maɓalli, sarƙa ta hau tun daga farko har ƙarshe. Mutumin ya ce madalla, suka wuce duba wani abu a baya, ni kuma na koma kan injin da nake kwancewa.